A Yi Jinga Kafin A Jiƙa Tsumma: Sharhi Kan Kuɗin Wankin Tagogi a Ƙasar Damagaram

  Sharhinmu na yau a kan wata 'yar sana'a ce da ta fara samun gindin zama a yankinmu, wato wankin tagogin gilashi a gidajen mutane, da kuma tambayar da take hana masu yinta cin moriyarta: nawa za a biya?

Gilashi baƙo ne a gininmu. Wanda ya zaga tsofaffin gidajen unguwar Birni a cikin garin Damagaram zai ga katanga mai kauri da zanen ado a fuskar gida, taga kuwa 'yar ƙarama ce can sama, don iska ta shiga, rana ta tsaya waje. Daga baya aka samu tagar ƙarfe ta masu walda, sannan nako mai fallayen gilashi jere, yau kuma ga alminiyam mai turawa a sababbin unguwanni. Tun da aka kafa jami'a a Zinder, wato Damagaram, a 2010, aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, ma'aikata suka ƙaru, gine-ginen siminti da benaye suka yawaita, gilashi ya biyo su. A Hamdara kanta, da yake ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Mirriya, gilashin bai yi yawa ba, sai a ma'aikatu da masallatai da gidajen waɗanda suka yi cin rani suka dawo da abin hannu. Amma samarinta da suke shiga birni neman ƙodago bayan an gama girbi, su ne irin waɗanda aikin nan yake faɗowa hannunsu.

Aikin kuma ba zai ƙare ba, domin ƙura ba ta ƙarewa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga arewa maso gabas, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, wanda masana suke lissafawa a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Mu kuma muna kan hanyarta. Idan bazara ta ƙare, guguwar da take share wa ruwan farko hanya ta zo da nata jan yashin, yayyafi ya sauka a kai, gilashi ya koma laka. Mai gida da ya kashe dukiya ya sa alminiyam ba zai so ya zauna cikin duhun ƙura ba. Buƙata tana nan. Abin da ya rage shi ne farashi.

Ku saurari yadda abin yake faruwa a ƙofar gida. Saurayi ya yi sallama da bokitinsa, Alhaji ya fito ya ce, "Yaro, nawa za ka wanke mini tagogin nan?" Sai saurayi ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ko nawa ka bayar." Alhaji ya ce, "To yi aikinka, ba za mu ɓata ba." Tun hantsi yana hawa yana sauka har azahar ta wuce. Da ya gama aka miƙo masa dala 100. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya fita zuciyarsa na suya. Alhaji kuma ya koma ciki yana ganin ya kyauta, tunda a ganinsa ruwa da tsumma ne kawai. Babu mugu a cikinsu. Kunya ce ta hana ɗaya faɗi, rashin sani ya hana ɗaya cikawa. Gobe saurayin ba zai dawo ba, ko ya dawo ya yi aikin ha'inci.

Tsofaffin sana'o'inmu ba haka suke ba. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, magina da maƙera da mahauta da wanzamai kowa da shugabansa, kowa da ladan da al'ada ta san shi da shi. Magini ya san lissafin tubalinsa, wanzami ya san abin da ake ba shi ranar suna. Mai wankin taga bai gaji wannan ba, saboda haka dole ya kafa nasa ma'aunin. Mai awo a kasuwar Mirriya ba ya zuba gero a buhun mai saye ya ce a ba shi abin da ya sauwaƙa, da tiya yake aunawa a gaban kowa. Gumi ma yana buƙatar tiyarsa.

Addininmu ya riga ya yanke wannan magana. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya nuna cewa sharaɗin ɗaukar mutum aiki shi ne a ambaci lada a kuma san iyakar aikin tun farko. Ashe faɗin farashi ba rashin kunya ba ne, kuma ba raina babba ba ne. Shi ne hanyar da take tsare mutuncin mai gida da na ma'aikaci gaba ɗaya.

To yaya ake fitar da farashin? Abubuwa uku ake tarawa: abin da ka kashe, lokacin da ka ɓata, da haɗarin da ka ɗauka. Bari mu yi lissafi na misali, kowa ya sauya alƙaluman da farashin unguwarsa.

Mu ɗauka gida ne na ƙasa, ba bene ba, mai taga 10: guda 6 alminiyam, guda 4 nako. Fara da abin da zai fita daga aljihunka. Kabu-kabu zuwa da dawowa, a ce dala 100. Ruwa jarka 2 daga mai ga-ruwa, a ce dala 40. Omo da binegar da tsumma, dala 40. Bokiti da soso da abin jan ruwa mai bakin roba suna tsufa, ware musu dala 20 a kowane aiki. Jimla dala 200, wato jika 1 ke nan tun ba ka taɓa gilashi ba. Wanda ya karɓi dala 100 a irin wannan gida, da kuɗinsa ya yi wa Alhaji aiki.

A nan Damagaram kada a raina maganar ruwa. Garin yana zaune ne a kan dutse, ruwan famfonsa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Duk wanda ya yi Afrilu da Mayu a Zinder ya san yadda kuɗin jarka yake tashi. Don haka tambaya ta farko a wurin jinga ita ce: ruwan na wa? Idan na gida ne, ka rage kuɗinsa a fili, mai gida ya gani. Idan naka ne, ka sa shi a lissafi da farashin ranar, ba na damina ba.

Sai lokaci. A nan ne mafi yawa suke faɗuwa, domin suna ƙirga taga ne kawai, alhali taga ba ɗaya ba ce. Ta alminiyam fuska biyu ce mai faɗi, ciki da waje, sai kwalbatin da take gudu a kai, inda yashi yake taruwa har ya hana ta turuwa. Mai hannu zai gama ta cikin minti 15. Nako kuwa wani abu ne daban. Tsaya ka dube ta: falle 8, kowane falle fuska biyu, fuska 16 ke nan, kowanne da kaifin baki mai yanka yatsa, kowanne a maƙale cikin ƙarfen da tsatsa ta ci. Ga sandunan tsaro a gaba, ga ragar sauro a baya da ta sha ƙura ta toshe. Sai ka zura hannu tsakanin sanduna, ka tallafi falle da hagu, ka goge da dama, a hankali, don in ka danna tsakiya ya ɓalle. Wannan ba ta kasa minti 30. Guda 6 sau minti 15, da guda 4 sau minti 30, awa 3 da rabi ke nan. Haɗa da shiri da kwashe kaya da goge ƙasa, awa 4.

Nawa ne kuɗin awa? Doka ta ba mu wurin farawa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar an yanke shi sefa 30,047 a wata a 2012, daga baya aka amince a kai shi 42,000. Idan aka raba 42,000 da awoyin aikin wata, a mako mai awa 40, kowace awa tana kamawa wajen sefa 240, kusan dala 50. Wannan ƙasan rijiya ne, kuma na mai albashi ne wanda yake da aiki kullum, da hutu, da asusun fansho. Kai kuwa yau ka samu, gobe da jibi ka yini kana yawo. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai babu mai biyanka. Saboda haka ninka shi: dala 100 a awa. Awa 4, jika 2.

Na uku, haɗari. Duk mai taɓa gilashi wata rana sai ya fasa. Ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin kashewa da na gumi, wato dala 60 a wannan aiki, ka ajiye ba ka ci ba, don ranar da falle zai faɗi. Yanzu tara: jika 1 na kashewa, jika 2 na gumi, dala 60 na ajiya, ka cike ya zama jika 3 da rabi. Idan ka raba shi bisa wahalar kowace taga, alminiyam ta kama dala 50, nako ta kama dala 100. Guda 6 na farko jika 1 da rabi, guda 4 na biyu jika 2. Lissafi ya fita daidai. Ka ga yanzu in Alhaji ya tambaye ka, kana da amsa, kana kuma da hujja. Ka zaga gidan tare da shi, ka ƙirga a gabansa, ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan dala 50, waccan dala 100, ciki da waje, ruwa nawa." Ya taya, ka ce albarka ko ka sallama, amma ka san iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba.

A Ingila da Amurka, inda sana'ar ta daɗe, hanyoyi uku suke bi: kuɗin kowane gilashi, ko kuɗin awa, ko kuɗin gida dungurungum. A wurinmu kuɗin awa yana jawo zargi, mai gida zai ce kana jan aiki ne da gangan. Kuɗin gida dungurungum kuma yana cutar wanda idonsa bai goge ba. Kuɗin taga ɗaya-ɗaya shi ya fi dacewa da mu, domin abu ne da ido yake gani, yatsa yake ƙirgawa. Awa kuwa ka riƙe ta a zuciyarka, da ita kake gwada ko farashinka ya yi. Duba agogon wayarka a ayyukanka na farko, ka san saurin hannunka.

Akwai abubuwan da suke ɗaga farashi, kuma wajibi ne a faɗe su tun farko. Bene shi ne babba. Tagar sama kuɗinta ya ninka na ƙasa, domin akwai hayar tsani, akwai ladan wanda zai riƙe maka shi, akwai kuma ranka. Ƙa'idar kafa tsani ita ce, duk tsawon mita 4 a ja gindinsa mita 1 daga bango, a ƙasa mai tauri, nesa da wayar lantarki. Ingila sai da ta yi doka ta musamman a 2005 kan aiki a sama, saboda yawan masu faɗowa. In wurin ba ya hawuwa lafiya, ka ce ba ka iyawa. Babu jikar da ta kai ƙashin bayanka.

Sabon gini ma haka. Gidan da magina da masu fenti suka fita jiya, gilashinsa cike yake da ɗigon siminti da fenti da gam, wannan kankara ce, ba wanki ba, kuɗinsa ninki biyu ne ko uku. Gidan da ya shekara ba a taɓa tagoginsa ba, wankin farko ya fi na biyu tsada. Ƙaramin gida mai taga 3 kuwa, kuɗin kabu-kabunsa ɗaya ne da na mai taga 10, saboda haka ka sa wa kanka mafi ƙarancin abin da zai fito da kai, a ce jika 1 da rabi, ko kuma ka haɗa gidaje uku na layi ɗaya a rana ɗaya, kuɗin hanya ya rabu, kowa ya samu rangwame. Farantan sola da suka yawaita a kan rufin gidaje su ma gilashi ne, ƙura tana rage musu ƙarfin wuta, su ma a yi musu kuɗinsu daban, falle-falle, a wanke su da sassafe kafin su ɗauki zafi.

Akwai kuma abin da yake saukar da farashi, shi ne sabo. Gidan da ya yarda ka riƙa zuwa duk wata, ko sau biyu a wata lokacin hunturu, ƙurarsa ba ta kwantawa, aikin awa 4 zai koma awa 2 da rabi. Rage masa da zuciya ɗaya. Gida 10 na dindindin sun fi gida 30 na tsintuwa, domin da su za ka san abin da zai shigo maka a wata. Jajibirin Sallah da lokacin biki da dawowar alhazai aiki yana yawa, ƙari kaɗan ba laifi, amma kada ka tsawwala wa wanda ya riƙe ka a lokacin da babu.

A Hamdara da ƙauyukanta lissafin bai canza ba, alƙaluman ne suke sauka. Babu kuɗin kabu-kabu, kuɗi kuma ba su yawo kamar birni. In mai gida ya ce da gero zai biya, babu aibi, a dai faɗi tiya nawa kafin a fara. In ma'aikata ce ko makaranta, a rubuta yawan tagogi da kuɗin da ranar biya a takarda, kowa ya riƙe tasa.

Samari, ku ma da naku nauyin. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya yanka farashi dole aikinsa ya kai kuɗin. Kada ka goge gilashi a bushe, domin yashi ya fi gilashi tauri, tsumma zai ja shi ya bar zane har abada. Kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi, ka jiƙa sosai, sannan ka wanke. Kada ka yi wanki rana na dukan gilashi, sabulu zai bushe ya bar sawu, bi inuwa, tagogin yamma da safe, na gabas da la'asar. Ruwan wasu rijiyoyi yana barin farin tabo, ɗan binegar a ruwan ɗauraya yana maganinsa. Gilashi mai baƙar leda a jiki kada reza ta kusance shi. Kafin ka fara, nuna wa mai gida duk wani tsagi da ka gani, ka ɗauki hoto da waya, ku kuma yi magana a kan wanda zai biya in wani abu ya fashe. Malamai sun bambanta ɓarnar sakaci da wadda ta auku ba da sakaci ba, amma faɗar magana tun farko ta fi zuwa gaban alƙali.

Sannan amana. Wankin ciki yana kai ka har ɗakin kwanan mutane, inda ɗan'uwa ma ba ya shiga. Nemi izini, jira a kimtsa, runtse ido, kada hannunka ya taɓa abin da ba taga ba. Gidajen da namiji ba ya shiga kuwa, ƙofa ce a buɗe ga mata: mace ta yi ciki, namiji ya yi waje, a raba kuɗin bisa ƙirgen tagogi. Kuma ku da kuke zama fada ɗaya kuna sana'a ɗaya, ku zauna ku daidaita mafi ƙarancin farashi. Wanda ya karya don ya ƙwace gidan ɗan'uwansa yau, gobe da wannan karyayyen farashin za a taya nasa aikin.

Ku kuma iyayenmu masu gidaje, Alhaji da Hajiya, in yaro ya ce ko nawa kuka bayar, ku taimake shi, ku ce a'a, faɗi kuɗinka. Araha ba ta ado. Wanda ya karɓi aikin awa 4 a dala 100, ko bai san aikin ba, ko yunwa ce ta sa shi, kuma duka biyun ba abin da za ku so ku ci riba a kai ba ne. Abinci da kuka ba shi alheri ne, Allah ya saka, amma ba ya cikin lada. Tukwici ma daban, haƙƙi daban. Ku biya da zarar an gama, kada a ce ya dawo gobe, domin addini ya yi horo da gaggauta haƙƙin ma'aikaci. Kada kuma a ɗora almajiri ɗan shekara 10 a kan tsani saboda ragowar tuwo. Dokar aiki ta ƙasarmu ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, hawan bene kuwa aikin babba ne.

Jama'a, muna yawan kukan rashin aikin yi, muna kallon 'ya'yanmu suna tafiya Agadas da Libiya da wuraren haƙar zinariya, wasu su dawo, wasu shiru. Ga sana'a da jarinta bai wuce bokiti da soso da amana ba, a gida, kusa da iyaye. Abin da zai sa ta riƙe mutum har ya yi aure ya ciyar da iyali shi ne a biya ta kuɗin da ya dace, kuma ba za a biya ba sai mai ita ya san lissafinsa ya buɗe baki ya faɗa. Ƙirga tagogi, tara abin da ka kashe, auna lokacinka, ware na haɗari, ka yi jinga a gaban mai gida, sannan ka sa hannu a ruwa.

 Allah ya sa albarka a neman kowa, ya ba mu halal mai amfani.